Asabar, Ƙarfe Uku, a Ƙasar Masu Ƙwallo

Matar da aka ce za ta tarbe ni a Landan ba ta zo ba. Na sauka da safe, na ja akwatina zuwa inda mutane ke tsaitsaye riƙe da kwalaye masu sunaye, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karantawa. Babu sunana, Rahila, a ciki. Na kira lambar Anti Grace, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. Na sake kira, na kuma sakewa. Kafin rana ta yi tsaka ma ta daina shiga.

Anti Grace 'yar cocinmu ce ta Kafanchan da ta daɗe a Ingila. Ita ta ce akwai wani kamfanin kula da tsofaffi da ke neman ma'aikatan jinya irina, aiki yana jirana, ɗaki ma yana jirana. A kan maganarta Baba ya sayar da gonar citta da ya gada a Madakiya. Shi ya sa da ya kira ni wajen la'asar ya ce, "Kin sauka lafiya? Sun karɓe ki?" sai na ce, "Lafiya lau, Baba." A lokacin kuwa ina zaune a kan akwati a tashar manyan motoci, hannuwana cikin hammata don sanyi, ban san inda zan kwana ba.

Ina sauke wayar sai na ji murya a bayana. "Yarinya, kai daga ina?"

Na waiga. Wata dattijuwa ce sanye da rigar masu shara, tana dogare da sandar goge ƙasa. Hajiya Memuna ke nan, 'yar zangon Kumasi ta ƙasar Gana. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce na kudancin Kaduna, ba ruwanta da mace da namiji, kowa "kai" ne. Na buɗe baki zan amsa, kuka ya riga ni.

Ba ta tambayi addinina ba, ba ta nemi ganin takarda ba. Ta ce in jira ta tashi daga aiki. Ta kai ni ɗakinta, ta zuba mini shinkafa da wake da wani baƙin yaji mai tayar da gumi, ta shimfiɗa mini bargo a kan doguwar kujera. Da na ba ta labari daga farko har ƙarshe, ta daɗe tana girgiza kai.

"Wannan matar ba za ka sake jinta ba," in ji ta. "Amma adireshin kamfanin yana jikin takardarka. Ka huta, ka je ka gani da idonka."

Adireshin ya kai ni Birmingham, saman wani shagon aski. Ƙofa a kulle, ƙura a kan marfinta. Mai askin ya ce tun da ya kama shagon bai taɓa ganin an buɗe ta ba, sai dai mata irina da ke hawa da akwati suna saukowa da jajayen idanu. A kan matakalar na haɗu da biyu daga cikinsu, ɗaya 'yar Zimbabuwe, ɗaya 'yar Indiya. Mu uku muka kama ɗaki guda a wani gida mai warin danshi. A nan na fahimci halin da nake ciki: izinin zamana a ɗaure yake da kamfanin da babu shi. In ban sami wani wurin aiki da zai ɗauki nauyin takarduna ba kafin wa'adi ya cika, sai gida. Gida kuma babu gona.

Na yi ta neman aiki ta waya har idanuna suka riƙa zafi. Na yi wa matan unguwa kitso, suna sallamata da abin da ya sawwaƙa. Wata coci ta 'yan Afirka tana raba kayan abinci ran Lahadi bayan sujada, na riƙa shiga layi, ni da nake cikin masu rabawa a zumuntar mata a gida. Duk wannan na iya shanye shi. Abin da ya fi ƙarfina ranar Asabar ce.

Sai na yi bayani kaɗan, don a gane. Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da jirage suka daina shigowa Kafanchan, ya rufa filin da ke gefen gidanmu da kwano, ya jera bencina, ya sayo talabijin da janareto, ya kafa farantin tauraron ɗan'adam a kan dogon ƙarfe, ya buɗe gidan kallon ƙwallo. Mama ta rasu ina ƙarama, ba wanda za a bar ni wurinsa, don haka a ƙarƙashin teburin talabijin ɗin na girma. Ni ke rubuta wasannin mako a allo da alli in jingine a bakin titi. Na san satar gida tun ban haddace lissafin sau ba. In gardama ta kaure a kan bugun fenariti, sai wani ya ce, "A tambayi Alƙaliya," kuma sunan ya bi ni har na girma.

Ba zan kama sunan ƙungiyarmu ba, don na san halin masu ƙwallo, rabinku za su ajiye labarin nan take. Ku dai sani mu masu jar riga ne, ni da Baba. Babban abokin hamayyarsa kuma amininsa shi ne Kawu Isiyaka mai tsire, wanda tukubarsa ke bakin ƙofar gidan kallon. Shi ɗan shuɗi ne, kuma ja da shuɗin nan a birni ɗaya suke a can Ingila, ba sa ga maciji da juna. Baba da yarenmu na Jju yake mana faɗa a gida, da Jju yake addu'a, amma ƙwallo da Hausa yake kallonta, saboda Kawu Isiyaka ya ji zagin da kyau. In an kira sallah ana tsakiyar wasa, Baba ne ke tsare wa Kawu wurin zamansa, in ya dawo ya tarbe shi da ƙarya: "An zura muku biyu." Lokacin da gari ya rikice, unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa, aka ɗauki watanni gidan kallon yana rufe. Ranar da Baba ya sake tayar da janareto, mutum na farko da ya tsallako layin dogo ya shigo shi ne Kawu Isiyaka. Ba wanda ya ce uffan a kan abin da ya faru. Ya zauna a gefen Baba ya ce, "Yau za ku sha kashi."

To, wannan ce Asabar ɗin da na sani. Ƙamshin tsire da hayaƙin janareto, zafin kwano a ka, wani yana ihu a zauna a gaba ana kare masa. In hadari ya taso daga wajen dutsen Kagoro, hoton ya fara yayyagewa, sai kowa ya koma roƙon ruwan ya dakata, har manoman da suka kwana suna roƙon ya sauka.

Wata Asabar a Birmingham na kasa zaman ɗaki. Ƙungiyarmu na da wasa ƙarfe uku. Na ce a raina, ai yanzu ina ƙasar masu abin, ko ba komai zan kalla a inda ba a ɗauke wuta. Na sa rigar sanyi na fita, na shiga wata mashaya da na hango talabijin a bangonta, ni da ban taɓa taka irin wurin ba. Tseren dawaki ake nunawa. Na tambayi mai wurin ko zai sauya tasha.

Ya dube ni da mamaki. "Wasan ƙarfe uku na Asabar? Ba a nuna shi a talabijin a ƙasar nan, 'yar'uwa. Ko'ina kika je. An hana ne don mutane su riƙa zuwa fili."

Na ɗauka ban ji Turancin da kyau ba, na sa ya maimaita. Ya maimaita. Na fito na tsaya a bakin titi cikin yayyafi. A daidai wannan lokacin na san an cika bencina a Kafanchan, garin da ake ɗauke wuta a manta da ita, suna kallon wasan da ake bugawa a nan kusa da ni, ni kuma ban da hanyar ganinsa. Na fara dariya ni kaɗai, har wata mata ta kauce mini. Ban san sanda dariyar ta juye ba.

Hajiya Memuna ce ta sake fitar da ni. Kusan kullum sai ta kira ta ji ko na ci abinci. Wata rana ta ce 'yar maƙwabciyarta tana aiki a wani gidan tsofaffi a arewa, bakin teku, kuma suna neman mai takardar jinya ta gaske. Na je, suka gwada ni, suka ɗauki nauyin takarduna wa'adi yana gab da cika. Sai da na zauna a motar zuwa can na lura da sunan garin a goshinta. Birnin ja da shuɗi ne.

Bas ɗin da ke kai ni aiki ta gefen filin ƙungiyarmu yake bi. Ranar farko na sauka na dafa bangon da hannuna, na ji sanyinsa, na koma na jira wani bas ɗin. Shiga ciki kuwa ba na irina ba ne. Haka na riƙa wuce shi safe da yamma kamar gidan dangin da ba su san da ni ba.

A gidan tsofaffin aka haɗa ni da Mista Arthur. Tsohon ɗan dakon tashar jiragen ruwa ne, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa amma kansa garau, bakinsa kuma ya fi kansa. Ranar farko da na shiga da kwanon abincinsa ya kalle ni sama da ƙasa ya ce wa shugabarmu, "Ku kawo mini wadda nake gane maganarta." In na zo yi masa wanka sai ya juya fuska bango. Sau ɗaya ya ture cokali har kunun ya zube mini a riga. Na shiga banɗaki na wanke, na ce Ubangiji ka ba ni haƙuri, don in na rasa wannan aikin ba ni da wani.

Wata Asabar ina sauya masa zanen gado, shi yana kan kekensa na guragu ya kanga ƙaramar rediyo a kunne. 'Yan shuɗi ke wasa, suna gaba da ci ɗaya. Sai na ji mai sharhi ya ce kocinsu zai cire ɗan tsakiyar da ke tare musu hanya ya sa ɗan gaba. Bakina ya kuɓuce.

"Kuskure ne. Za a farke."

Ban gama cusa bakin zanen ba aka farke. Ya sauke rediyon a hankali.

"Me kika ce ɗazu?"

"Na ce kuskure ne, yallaɓai. Shi kaɗai ke riƙe muku tsakiya. Masu tsaron bayanku ba su da gudu."

Ya daɗe yana kallona, karo na farko a ido. "Wace ƙungiya kike so?"

"Ja."

Ya rufe fuska da tafin hannu. "Ya Allah. Duk ma'aikatan duniyar nan a rasa wadda za a turo mini sai 'yar ja."

Daga ranar ba ya yarda kowa ya yi masa aski sai ni. Ina shafa masa kumfa muna gardama. Ya ba ni labarin yadda mahaifinsa ke ɗora shi a wuya su shiga fili, da yadda ya yi ta zuwa har ƙafafu suka ƙi. Ni kuma na ba shi labarin allo da alli, da ruwan Kagoro, da Kawu Isiyaka. Da na gaya masa a Kafanchan ana ganin wasan ƙarfe uku, ya ce ƙarya nake yi.

Asabar ta gaba na shirya masa. Na kira Kawu Isiyaka ta bidiyo, na yi masa bayani. Ya ce, "Alƙaliya, kina nufin akwai Baturen da ke son shuɗi amma ba ya ganin wasa? A garinsu? Subhanallahi. Bari ki gani." Ya ɗauko kujera ya ajiye a gaban talabijin, ya ɗaure wayarsa a jikinta da robar tayar keke. Ni kuma na jingine tawa a jikin kofin shayin Mista Arthur.

Hoton yana rawa, kawunan mutane suna giftawa, ƙarar janareto ta kusa danne muryar mai sharhi, can baya wani zakara yana cara. Amma ga filin nan, ga shuɗayen riguna suna gudu. Tsohon ya sa tabarau ya matso har numfashinsa yana dusashe gilashin wayar.

Da 'yan shuɗi suka ci, sai filin ya ɓace, fuskar Kawu Isiyaka ta cika wayar, hula a karkace, yana ihu.

"Wane ne wannan?" in ji Mista Arthur.

"Mai gasa nama ne a ƙofar gidanmu. Naku ne."

"Ki gaya masa shi mutumin kirki ne."

Na fassara. Kawu ya tambayi sunansa, ya gwada faɗa ya kasa, ya ce, "To, Malam Ata ke nan." Daga gefe na jiyo muryar Baba yana ƙorafi: "Na aika 'yata Ingila, ta rasa abin da za ta samo mini sai wani shuɗin."

Haka muka riƙa yi duk Asabar ɗin da nake bakin aiki. 'Yan gidan kallon suka saba, in an ɗaura wayar sai ka ji ana "Malam Ata, ina gajiya?" shi kuma ya koyi cewa "Lafiya lau" da wata irin murya da ke sa su faɗuwa don dariya. Ranar da ruwa ya yanke hoton ana shirin buga fenariti, ihun takaicin da ya taso daga Kafanchan ya sa shi dariya har sai da na bubbuga masa baya. Ni kuwa ba wasan nake kallo ba. Bencina nake kallo, da bangon da na taɓa yi wa zane da gawayi, da ƙeyar Baba.

A ƙeyar tasa na fara lura. Kullum tana ƙara matsawa kusa da talabijin. In Kawu ya miƙa masa waya mu gaisa, sai ya ce hannunsa da maiƙo, a bari. Wata rana na ɗaga masa hannu, ya amsa yana kallon gefe.

Na kira Kawu Isiyaka da safe, lokacin da na san yana yanka nama shi kaɗai. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ajiye wuƙar, na ji ƙararta a kan katako.

"'Yata, ya hana a gaya miki. Na kai shi asibiti. Sun ce hawan jinin ido ne. Ɗaya ya riga ya tafi. Ɗayan kuma, ya ce kamar yana leƙe ta cikin kara. Waya ba ya gane komai a cikinta. Talabijin ɗin ce kawai, in ya matsa sosai."

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san wannan ciwon. Abin da ya ci ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu. Su Kawu suka gwada haɗa wayar da talabijin don Baba ya gan ni babba, hoton ya farfashe ya zama dabbare-dabbare, ya ce shi inuwa kawai yake gani. Na nemi hutu a wurin aiki, shugabarmu ta ce tana tausaya mini, amma ban daɗe da farawa ba, ba za ta iya riƙe mini gurbin ba. Na kira Baba na ce zan taho ko ta halin ƙaƙa.

"Ki taho ki yi mene?" in ji shi. "Ki buɗe mini idon? In kika dawo yanzu, gonar Madakiya ta tafi a banza. Zauna ki yi aikinki. Muryarki ta ishe ni."

Washegari ina yi wa Mista Arthur aski, hankalina ba ya kan aikin. Ya kama wuyan hannuna ya ce in ajiye rezar kafin in yanka shi. Na gaya masa komai. Ya juya, rabin fuskarsa da kumfa, yana kallon taga.

"A filinmu," in ji shi, "wurin masu keke irina yana ƙasa, dab da tutar kusurwa. Duk sanda za a buga kwana, wato bugun kusurwa, daga nan, sai kamara ta ɗauko su. Kuma kowane mai keke yana shiga da mai kula da shi." Ya juyo. "Miƙo mini waya in kira Susan."

Susan 'yarsa ce. Ta daɗe tana roƙonsa ta kai shi fili yana ƙi, wai ba zai koma a keke inda ya saba shiga da ƙafarsa ba. Da ta ji shi da kansa yake nema, ba ta tsaya tambaya ba. Ta yi ta fafutuka har aka samu gurbi a wani wasan Asabar, ƙarfe uku, 'yan shuɗi da wasu baƙi.

Na sanar da Kawu kusurwar da za mu zauna. Ja ba ya shiguwa wurin, shuɗi kuma ko a mafarki ba zan sa ba, don haka na ɗauko ɗankwalina ruwan ɗorawa na zumuntar mata, na ɗaura shi ya tashi sama sosai yadda ake yi ranar bikin godiya.

Na tura kekensa muka ratsa wani dogon lungu, sai ga fili ya buɗe a gabanmu. Ciyawar ta fi yadda nake ganinta a talabijin kore. Waƙar mutane tana dukan ƙirji kamar ganga. Mista Arthur ya cire hularsa ya riƙe a cinya, leɓunansa suna bin waƙar, hawaye yana bin kumatunsa bai share ba. Ga shi dai na zo inda na yi ta mafarki tun ina rubutu da alli, ko da yake gidan abokan gaba ne. Amma da aka fara wasa sai na ji wani iri. An yi wa wani ƙeta, na jira a maimaita in gani da kyau, ba a maimaita ba. Na juya in ce wa na kusa da ni alƙalin nan ba ya gani, na tarar da baƙuwar fuska. Ba mai kare mini, ba mai cewa a tambayi Alƙaliya. A tsakiyar dubban mutane na ji kewar rumfar kwano.

Kafin hutun rabin lokaci an buga kwana a ɓangarenmu, amma daga ɗaya tutar, can nesa. Aka juya, 'yan shuɗi suka fuskanto ragar da ke gefenmu. Ni Rahila, 'yar ja tun daga ƙarƙashin tebur, na sami kaina ina roƙon Ubangiji ya ba shuɗi ƙarfin kai hari. Lokaci yana ta tafiya. Suka buga sama, suka buga waje, suka yi ta mayar da ƙwallo baya kamar masu jin tsoro.

"Ku tafi gaba mana!" na yi ihu da Hausa.

Wasa ya kusa tashi sai ɗan gefensu ya kutsa, mai tsaron baya ya tare, ƙwallon ta gangaro ta fita ta gabanmu. Alƙali ya nuna tutarmu. Ɗan wasan ya taho ya ajiye ƙwallo, kusa da ni har ina ganin tururi yana tashi daga wuyansa.

"Tashi!" Mista Arthur ya daka mini tsawa. "Tashi tsaye, yarinya, ɗaga hannu!"

Na miƙe. Ban san inda kamarar take ba, don haka na ɗaga hannu biyu na kalli gaba kawai, na ce, "Baba, ga ni." Aka bugo kwanar, wani dogo ya tashi ya sa mata kai, raga ta motsa. Filin ya fashe. Tsohon ya rungume ƙuguna yana ihu, wani ƙato da ban sani ba ya sumbaci ɗankwalina.

Waya ba ta shiga a cikin fili saboda yawan jama'a. Sai da muka fito titi, ina tura keke cikin cunkoso, ta yi ƙara. Muryar Kawu Isiyaka ta dushe kamar wanda ya yini yana talla.

"An nuna ki! Alƙaliya, wallahi an nuna ki, ke da Malam Ata! Da yake ci aka yi, sai suka yi ta maimaitawa, daga nan, daga can, a hankali. Duk maimaici sai ga ɗankwali! Na cire bencin gaba, na kai Babanki har hancinsa yana taɓa gilashi, na sa yatsa a kanki. Yau ba wanda ya kalli ƙwallo a gidan nan, tuta kowa ya zuba wa ido. Ga shi."

Na ji wayar tana sauya hannu. Hayaniyar ta lafa, kamar an ce kowa ya yi shiru.

"Rahila."

"Na'am, Baba."

"Na gan ki."

Na tsayar da keken a gefen hanya. Mutane suna ratsa mu ta ko'ina.

"Kin rame," in ji shi. "Kuma rigar sanyin nan ba ta da kauri. Ki nemi wata."

"To, Baba."

"Ki gaida Baturen. Ki ce na gode. Ki ce masa..." Ya tsaya, na ji yana jan numfashi. "Ki ce na gode kawai."

Na faɗa wa Mista Arthur. Ya mayar da hularsa, ya ja ta har ta rufe masa ido, ya ce sanyi ya fara yawa, mu tafi gida.

Idon Baba ya ƙarasa rufewa kafin damina ta tsaya. Ban samu zuwa ba sai a shekarar da ta biyo, na same shi a bencin gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyi, Kawu Isiyaka a gefensa yana faɗa masa abin da ke faruwa a fili, rabi gaskiya rabi ƙarya. Na zauna a ɗaya gefen na riƙe masa hannu. Ana cikin wasa Kawu ya leƙo ta gabansa ya ce mini, "Kin san ranar nan da shuɗi suka ci, mutumin nan har benci ya hau yana ihu? Da shaidu."

Baba bai juya ba. Ya matse hannuna.

"Ba ƙwallon na yi wa ba," in ji shi.